Harafi Ɗaya, Dala Miliyan 2.2: Sikila a Zamanin Gyaran Ƙwayoyin Gado

Duk wanda ya taɓa kwana gefen gadon mai sikila a daren da ciwon ya motsa ba sai an yi masa bayanin azaba ba. Yaron da ya wuni yana guje-guje sai ka ga ya dunƙule wuri ɗaya, ya riƙe ƙafa ko ƙirji. Babu rauni, babu abin da ido zai kama, amma ko mayafi ya taɓa shi sai ya ƙwalla ƙara. In ka tambaye shi ina ke ciwo, sai ya ce cikin ƙashi. Gaskiya kuwa ya faɗa, domin can ciki ne jini ya tsaya cak.

Wannan ciwo, da wasu ke kira amosanin jini, shi ne ya buɗe sabon babi a tarihin magani. Ranar 16 ga Nuwamba, 2023, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta zama ta farko a duniya da ta amince da maganin da aka gina kan fasahar CRISPR, wadda ake yi wa laƙabi da almakashin ƙwayoyin gado. Bahrain ta bi sahu a farkon Disamba, ranar 8 ga watan kuma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince, sannan Saudiyya da Tarayyar Turai. Sunan maganin Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka haɗa shi, kuma farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

Kanun labarai sun ce an samo maganin sikila. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai wanda ya tsaya a kanun bai ji ko rabin labarin ba. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wannan magani mai tsadar gaske da wata tsohuwar ƙwaya mai arha da aka daɗe da sani, ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa a jikin mutum, kuma mafi yawan masu ciwon a duniya ko ɗaya daga cikin biyun bai iso gare su ba.

Bari mu fara daga cikin jinin kansa. Jar ƙwayar jini mai lafiya siffar faifai gare ta, da ɗan loɓawa a tsakiya, ga laushi, har tana iya lanƙwasawa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. A cikinta maƙil yake da wani furotin mai suna himoglobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya raba wa sassan jiki. Umarnin yadda za a ƙera wannan furotin rubuce yake cikin DNA, wato littafin gado da kowa ya karɓa daga uwa da uba, mai haruffa wajen biliyan 3, duka da baƙaƙe huɗu kacal: A, C, G da T. A wata ƙwayar gado da ake kira HBB, inda ya kamata a ga GAG, mai sikila GTG gare shi. Harafi ɗaya tak. Wannan sauyi ya sa tubali na shida a ginin furotin ɗin ya zama wani daban. Muddin yana ɗauke da oksijin ba a ganin matsala sosai. Da ya sauke kayansa, sai ya soma mannewa da 'yan'uwansa, su jeru su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar, ita kuma ta sandare ta tanƙware kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi su ke cushewa a ƙananan jijiyoyi su tare hanya, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwo ya tashi. Ga su da saurin mutuwa: ƙwayar lafiya tana kai kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da mai ciwon, shi ya sa idonsa ke yin rawaya. A hankali saifa ta lalace tun yana ƙarami, daga baya ƙoda da ƙugu da ido su biyo, wani lokaci ma ƙwaƙwalwa, har yaro ɗan shekara shida ya kamu da shanyewar ɓarin jiki irin wadda aka saba gani ga tsofaffi. Tsalle ɗaya ne ya jefa jini rijiya, ga shi an fi shekara ɗari ana tsallen fitowa.

Na ce shekara ɗari domin tun 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya wallafa bayanin ƙwayoyi masu siffar lauje da aka gani a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himoglobin ɗin ne kansa ke da tangarɗa, a tsakiyar shekarun 1950 kuma Vernon Ingram a Cambridge ya gano ainihin tubalin da ya sauya. A 1954 Anthony Allison ya warware wani kacici-kacici: me ya sa irin wannan gado mai kisa ya yaɗu haka? Amsar ita ce, wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Don haka duk inda maleriya ta yi sansani, daga Afirka zuwa Indiya da Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum, nan gadon ya yi jijiya. In AS ya haɗu da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki, ba kowane ɗa na huɗu ba; mutane da yawa a nan suke rikicewa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, sikila ce cutar farko da ɗan Adam ya fahimci tushenta har zuwa matakin tubali guda, amma sai a 1998 aka amince da magani na farko domin ta. Kusan shekara hamsin ke nan tsakanin sani da magani. Wahalar kimiyya na daga cikin dalilai, ba na musu. Amma ban yarda ita kaɗai ba ce. Ciwon da mafi yawan masu shi talakawa ne a ƙasashe matalauta, ko baƙar fata marasa rinjaye a ƙasashe masu arziki, ba ya jan kuɗin bincike kamar sauran.

Mabuɗin maganin na yau kuwa, wata likitar yara ce a New York, Janet Watson, ta hango shi tun 1948. Ta lura jariran da aka haifa da sikila ba su cika nuna alama ba a watanninsu na farko, kuma jininsu bai cika laujewa ba. Ta ce dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa irin himoglobin daban da na babba, wanda ya fi iya janyo oksijin daga jinin uwa. Yanzu an san wannan harafin da ya ɓaci bai shafe shi ba. Bayan haihuwa jiki yakan kashe wannan na tayi sannu a hankali ya kunna na manya, kafin wata shida aikin ya yi nisa. Daidai lokacin ne iyaye ke fara ganin hannu da ƙafar jariri sun kumbura yana kuka ba dare ba rana. Daga baya aka tarar da mutanen da jikinsu bai taɓa kashe himoglobin ɗin tayi gaba ɗaya ba. Irinsu ko sun gaji sikila, ciwon yakan zo musu da sauƙi. An ga haka musamman a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya. Tambayar da ta rage ita ce: ina makunnin yake? Sai a 2008 masu bincike, cikinsu har da Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston, suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ita ce ke danne himoglobin ɗin tayi. A 2013 aka gano wani ɗan yanki na DNA da ke kunna ta a cikin ƙwayoyin jini ja kaɗai. Wannan ya zama muhimmi, domin BCL11A na da wasu ayyuka a ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki, ba a so a taɓa ta a can.

Almakashin ya zo ne ta wata hanya da ba wanda ya zata. Ƙwayoyin bakteriya ma suna da nasu abokan gaba, wato ƙwayoyin bairas da ke kai musu hari. In bakteriya ta tsira, sai ta yanki ɗan guntun DNA ɗin maharin ta adana a nata, kamar mai ajiye hoton ɓarawo. In ya dawo, sai ta tura wani furotin ɗauke da hoton, ya nemo shi ya datse. Masu bincike a Japan sun ga alamar wannan tsari a 1987 ba su san aikinsa ba. Francisco Mojica a Sifaniya ya shafe shekaru yana bin sawunsa. A 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka nuna cewa ana iya sauya hoton, a ba furotin ɗin, mai suna Cas9, duk adireshin da ake so, ya je ya yanka nan. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2020. Daga wannan bincike na 2012 zuwa maganin da hukuma ta amince da shi shekara 11 ne kacal, abin da a fagen magani gudu ne na fitar hankali.

To ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: Casgevy ba ya gyara harafin nan da ya ɓaci. Yana nan yadda yake. Abin da yake yi shi ne ya datse ɗan yankin da ke kunna BCL11A. In mai dannewa ya yi barci, himoglobin ɗin tayi ya farka, ya cika ƙwayar jini har na sikila ya kasa jeruwa. Wato ba a gyara ƙofar da ta karye ba, tsohuwar ƙofa da aka toshe tun ana jariri aka sake buɗewa.

Kalmar magani ma tana iya yaudarar mai karatu, ya ɗauka allura ce ko ƙwaya. Tafiya ce ta watanni. Da farko sai an yi wa mutum ƙarin jini na makonni don a rage ƙwayoyin sikila. Sannan a ba shi maganin da zai koro iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke zaune cikin ɓargo suna haifar sauran, su fito cikin jijiya. A jona shi da na'ura ya zauna sa'o'i, jini na fita ta wannan bututu, ana tace waɗanda ake so, sauran na komawa ta wancan. Sau da yawa zama ɗaya ba ya isa, sai an maimaita bayan makonni. A daskarar da abin da aka tara a tura masana'anta, a yi yankan, a gwada, a dawo da shi; wannan kaɗai kan ci watanni. Daga nan ne ake shiga wurin mai wuya. Dole a share tsohon ɓargon don sabon ya samu wurin zama, kuma da busulfan ake yin haka, maganin ciwon daji mai ƙarfi, kwana huɗu a jere. Gashi ya zube, baki da maƙogwaro su yi gyambo har haɗiyar yawu ta gagara, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas. Sai a ɗura ƙwayoyin da aka gyara, wanda shi kansa bai wuce ɗan lokaci ba, a killace mutum a ɗaki na musamman wajen wata guda ko fiye, ana jiran ɓargo ya kama. Kuma busulfan na iya hana haihuwa har abada. Yarinya 'yar shekara 14 da iyayenta sai sun zauna sun yanke shawara kan wannan, su kuma nemi yadda za a adana ƙwan haihuwarta kafin a fara, in akwai hali.

Duk da haka mutane sun yarda, kuma ba wuya a gane dalili. Victoria Gray, 'yar jihar Mississippi da ta fara karɓar maganin a Amurka a Yulin 2019, ta yi ta bayyana a bainar jama'a yadda ta rabu da zaryar asibiti. A gwajin da FDA ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 da aka bibiya isasshen lokaci sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba, alhali kowannensu a baya yana samun aƙalla biyu a shekara. Wannan sakamako ne mai ƙarfi. Amma mutum 31 ba su da yawa, kuma shekarun da aka bi su ba su da tsawo. Almakashi na iya yanka inda ba a aike shi ba in ya tarar da wurin da ya yi kama da adireshin. Kwamitin masana na FDA ya tattauna wannan a ƙarshen Oktoban 2023, har da damuwar ko bayanan gadon da aka yi gwaji da su sun wakilci bambance-bambancen da ke tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne, waɗanda suka fi kowa bambancin gado a duniya. Shi ya sa aka tsara bibiyar duk wanda ya karɓa har shekara 15. Ɓarnar da ciwon ya riga ya yi wa ƙugu ko ƙwaƙwalwa kuma ba ta komawa.

Akwai wani abu da ya kamata a bambance, domin ana yawan cuɗa su. Gyaran nan a ɓargo ya tsaya, bai kai ga ƙwayoyin haihuwa ba. Wanda ya warke har yanzu zai gadar wa 'ya'yansa ƙwayar S. Wannan daban yake da abin da He Jiankui ya yi a China a 2018, lokacin da ya gyara ƙwayoyin gadon 'yan tayi aka haifi tagwaye mata, sauyin da zai iya bin zuriya. Masana a ko'ina sun yi tir da shi, kotu ta ɗaure shi shekara uku.

Sai maganar kuɗi. Masu kare farashin suna cewa kula da mai sikila tsawon rayuwarsa a Amurka ma miliyoyin dala yake ci, don haka biya sau ɗaya ba asara ba ne. A lissafin Amurka hujjar na da ƙafa. Ingila ta amince hukumar lafiyarta ta NHS ta fara bayarwa a farkon 2025, farashin da aka bayyana fam miliyan 1.65 ne, amma da rangwamen da ba a faɗa ba, kuma ga mutum kamar 50 a shekara. A Amurka, inda masu ciwon sun kai kimanin 100,000 kuma da yawansu inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi ke ɗaukar nauyinsu, an ɓullo da tsarin da kamfani zai mayar da wani kaso na kuɗin in maganin bai yi aiki ba, jihohi fiye da 30 suka shiga. Abin mamaki, tsadar ba ta ma azurta kowa ba. Kamfanin bluebird bio, wanda aka amince da nasa maganin sikilar, Lyfgenia, rana ɗaya da Casgevy a kan dala miliyan 3.1, ya taɓa kai darajar biliyoyin dala a kasuwar hannun jari. A 2025 aka sayar da shi kan kuɗin da bai kai farashin maganin mutum ashirin ba. Marasa lafiya sun shigo da ɗaiɗai, kuɗi na fita kamar ruwa.

Yanzu a ɗora wannan a kan alƙaluman duniya. Wani babban nazari da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa a 2021 an haifi jarirai 515,000 da ciwon, kusan kashi 80 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara, Najeriya na kan gaba, kuma mutum miliyan 7.74 ke rayuwa da shi. In za a yi wa jariran shekara ɗaya kaɗai wannan magani a farashin Amurka, kuɗin ya haura dala tiriliyan ɗaya. Amma ko a nan ba a nan gizo ke saƙar ba. A ce gobe kamfanin ya ce kyauta ne. Ina ɗakunan dashen ɓargo? Ina bankin jinin da zai tanadi jini mai tsabta na watanni ga mutum ɗaya? Ina wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikatan jinyar da suka ƙware wajen riƙon wanda ba shi da garkuwa? Dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini ya fara warkar da sikila tun 1984, kuma bai kai wannan tsada ba, amma har yau cibiyoyin da ke yin sa a duk nahiyar Afirka 'yan ƙalilan ne.

Akwai lamba ɗaya a nazarin nan da nake ganin ta fi farashin Casgevy muhimmanci. In aka ƙirga waɗanda aka rubuta sikila a matsayin sanadin mutuwarsu, 34,400 ne a 2021. In aka haɗa da waɗanda sikila ce ta raunana su har wani ciwo ya ƙarasa, sai adadin ya koma 376,000. Ninki goma sha ɗaya. Yaro ya mutu a shekara biyu, aka ce maleriya ce ko ciwon huhu, ba wanda ya taɓa gwada jininsa. Ma'aikatar lafiya ba ta ware kuɗi ga ciwon da bai bayyana a littafinta ba.

Alhali abubuwan da suka sauya makomar yaran sikila a ƙasashe masu arziki, inda yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari ke kai girma, ba CRISPR ba ne. Ɗigon jini ne daga dugadugin jariri a makon haihuwa, don a san matsayinsa kafin ciwo ya nuna. Sai fenisilin kullum: wani gwaji a Amurka a 1986 ya nuna yana rage mummunar cutar bakteriyar da ke kashe waɗannan yara da kashi 84 cikin ɗari, har aka dakatar da gwajin da wuri don kada a ci gaba da hana rabin yaran. Sai allurar riga-kafi, sai koya wa uwa ta lalubi gefen cikin ɗanta ta gane in saifa ta kumbura. Sai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa; a 1998 aka nuna cewa in an gano yaran da ke cikin haɗari aka riƙa yi musu ƙarin jini, shanyewar ɓarin jiki na raguwa da kusan kashi 90.

Sai kuma tsohuwar zumar da ake magani da ita, haidroksiyuriya. Tun 1869 aka fara haɗa wannan sinadari a Jamus, an daɗe ana amfani da shi wajen wasu cututtukan jini, kuma ba wanda ke riƙe da haƙƙin mallakarsa. Ita ce maganin 1998 ɗin da na ambata. Aikinta? Ɗaga himoglobin ɗin tayi. Ƙofar da Janet Watson ta nuna, wadda CRISPR ya ɓalle gaba ɗaya, ita wannan ƙwaya turawa take yi ta buɗe rabi. A wani gwaji da aka bayyana a 1995 ta rage yawan tashin ciwo da kusan rabi. An daɗe ana ɗari-ɗari da ba da ita a Afirka, ana tsoron kada ta rage garkuwar yaran da ke fama da maleriya da rashin abinci. Gwajin REACH, da aka yi kan yara kimanin 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda aka bayyana sakamakonsa a ƙarshen 2018, ya nuna akasin haka: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har maleriyar ma ta ragu. Wani binciken a arewacin Najeriya ya nuna tana taimakawa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki a inda ƙarin jini na kowane wata ba zai yiwu ba. Ba warkarwa take yi ba, sha ne na kullum, kuma tana buƙatar gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Amma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma duk da haka mafi yawan yaran da ke buƙatarta ba sa samu. Ghana, inda Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi a tsakiyar shekarun 1990, ta saka ta cikin inshorar lafiya ta ƙasa. Indiya ta ƙaddamar da shiri a Yulin 2023 na gwada mutum miliyan 70. Waɗannan shawarwari ne na siyasa da kasafin kuɗi, ba su jiran wani sabon bincike.

Tsakanin wannan ƙwaya da wancan almakashi kuwa fili ne fetal. Sababbin magungunan da aka sa wa rai sun ba da kunya. Tarayyar Turai ta janye izinin crizanlizumab a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna amfaninsa. A Satumban 2024 Pfizer ya janye Oxbryta daga kasuwannin duniya saboda bayanan da suka nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace, shekara biyu bayan ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro shi kan dala biliyan 5.4.

Kada a fahimce ni da cewa ina ganin binciken mai tsada ɓata kuɗi ne. An taɓa cewa maganin ƙanjamau ba na talaka ba ne, lokacin da na shekara ɗaya ya haura dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da shi dala 350, daga baya ya sauko ƙasa da 100, yau miliyoyi na raye da shi. Sai dai kwatancen yana da iyaka. Ƙwaya ana iya buga biliyan ɗaya a masana'anta guda. Casgevy kuwa kowane mutum da nasa ake haɗawa, daga jikinsa, kamar ɗinki da awo. Yawan masu saye ba zai karya farashin irin wannan abu yadda ya karya na ƙwaya ba. In har zai sauko, sai an sauya yadda ake yin sa: a daina fitar da ɓargo, a daina busulfan, a tura almakashin cikin jiki ya yi aikin a can.

Wannan ba mafarki ba ne gaba ɗaya. A Mayun 2025 likitoci a asibitin yara na Philadelphia, ƙarƙashin Rebecca Ahrens-Nicklas da Kiran Musunuru, suka bayyana yadda suka yi wa wani jariri mai wata cutar hanta ta gado magani da aka ƙera domin shi kaɗai cikin kimanin wata shida. Sun yi amfani da sabon salon da David Liu ya ƙirƙiro a 2016, wanda ba ya datse DNA, harafi ɗaya yake gogewa ya sauya da wani. Suka naɗe shi cikin ƙananan ƙwayoyin kitse irin waɗanda aka yi allurar korona da su, suka ɗura ta jijiya. Amma hanta ce, ita kuwa hanta duk abin da ya shiga jini wurinta yake yada zango. Iyayen ƙwayoyin jini 'yan kaɗan ne, suna ɓoye cikin ƙashi, yawancinsu a kwance suke ba sa motsi, kai musu saƙo ba tare da ya ɓace a hanya ba shi ne aikin da dakunan bincike ke fama da shi yanzu. Tun 2019 Cibiyoyin Lafiya na Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alƙawarin zuba dala miliyan 100 kowannensu don neman irin wannan magani ga sikila da ƙanjamau, da nufin ya zama abin da za a iya bayarwa a Afirka.

Kafin nan, akwai wani sharaɗi a takardar amincewar 2023 da ba a cika ambata ba: maganin na 'yan shekara 12 zuwa sama ne, kuma waɗanda jikinsu zai iya jure busulfan, wato zuciya da huhu da hanta ba su riga sun lalace ba. A wuraren da ba a gwajin jarirai, ƙiyasin masana shi ne rabi ko fiye na yaran da aka haifa da SS ba sa kai shekara biyar.